Darasi na Bakwai: Hanyoyi Biyu da Ƙwayar Halitta Take Rabuwa

Ku dubi hannunku, ku nemi wurin da kuka taɓa yankewa. Ya warke, kuma irin fatarku ce ta rufe shi. Yanzu ku tuna da wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, amma kowa da kamanninsa. Duka biyun aikin rabuwar ƙwayoyin halitta ne, sai dai kowanne da hanyarsa.

Jikinmu cike yake da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. A cikin ƙwaya akwai wasu abubuwa kamar zare, ana kiran su kuromosom, su ne ke ɗauke da gadon kamanni. Mutum yana da 46, an jera su biyu-biyu: 23 daga uwa, 23 daga uba.

Hanya ta farko ita ce maitosis, sunan da wani masani Bajamushe, Walther Flemming, ya raɗa mata a 1882. Ƙwaya takan kwafi zarenta duka, sannan ta rabu sau ɗaya. Sai a sami ƙwayoyi biyu, kowace da 46, kamar an tsaga kara. Da haka jariri yake girma, ciwo yake warkewa, ɓargo yake sabunta jini. Idan wannan rabuwa ta ƙi tsayawa inda ya kamata, shi ne mafarin ciwon daji.

Ta biyun, mayosis, ba ko'ina take faruwa ba, sai inda ake yin maniyyi da ƙwan mace. Ana kwafin zaren sau ɗaya, amma a rabu sau biyu, ƙwayoyi huɗu su fito, kowace da 23 kacal. Dalilin a fili yake: da maniyyi da ƙwai za su zo da 46 kowannensu, da ɗan ya tashi da 92.

Wannan sai an taɓa da hannu ake gane shi sosai. Ku samo jan zare biyu, su ne na uwa da kwafinsa, da farin zare biyu, na uba da kwafinsa. Ku kasa su kashi biyu, kowane kashi ja ɗaya fari ɗaya. Kun yi maitosis ke nan. Yanzu sai mayosis: ku tattara su kuma. Ku yanke bakin ja ɗaya da bakin fari ɗaya, ku musanya guntayen ku ƙulla. Ku raba gida biyu, ku sake raba kowane gida. Ga zare huɗu a gabanku: ja zalla, fari zalla, da gauraye biyu. Babu mai kama da ɗan'uwansa. Wannan musaya tana faruwa a dukkan jeri 23, shi ya sa 'yan ɗaki ɗaya suke bambanta.

Akwai abin da nake so kowa ya riƙe, domin an sha ɗora wa mata laifin da ba nasu ba. Jeri na 23 shi ke nuna jinsi, zarensa kuwa iri biyu ne, ana kiran su X da Y. Ƙwan mace kullum X yake ɗauke da shi. Maniyyi kuwa, wani X, wani Y. In mai X ya riga isa ga ƙwan, a haifi mace. In mai Y ne, namiji. Uwa ba ta da zaɓi a nan, uban ma bai san wanda zai riga isa ba.