Yadda Ake Zare Siliki Daga Kwanson Tsutsa

Tsutsar siliki kan ɗauki kwana 2 zuwa 3 tana saƙa wa kanta kwanso da zare ɗaya tak, mai tsawon mita 300 zuwa 900. Bayan kamar mako biyu tsutsar ta riga ta rikiɗe ta zama ƙwaro mai fiffike, zai huda kwanson ya fito, zaren kuwa ya tsittsinke. Don haka kada ka wuce mako guda ba ka turara kwansunan da tururi don kashe abin da ke ciki ba, sannan ka shanya su.

Ware masu tabo da waɗanda tsutsa biyu suka saƙa tare, domin zarensu a sarƙe yake.

Wajen dafawa ne aikin yake. Zuba sauran kwansunan cikin tafasasshen ruwa na 'yan mintuna har ƙaron da ya manne zaren ya yi laushi. In bai dahu ba, zaren zai yi ta tsinkewa. In ya zarce, sai ya taho a dunƙule kamar auduga, ya ƙi zaruwa. Rage wuta, ka shafa bayansu da ƙaramin buroshi har bakin zaren ya maƙale. Sili ɗaya ya cika siriri, sai ka haɗa na kwanso 5 zuwa 8 ka riƙa naɗewa a hankali.