Yadda Za Ka Ga Ƙa'idar Heisenberg a Jikin Bango

Nemi sababbin reza biyu, da kwali mai kauri, da tef, da ƙaramar fitilar leza mai jan haske. Yanke 'yar taga a tsakiyar kwalin, ka liƙa reza ɗaya a kanta, sannan ka kawo ta biyun baki da baki har sai tsagar da ke tsakaninsu ta yi kamar kaurin gashi. Kada ka liƙe ta biyun gam, domin ita za ka riƙa matsawa. A ganina nan aikin yake: in bakunan ba su daidaita ba, abin da zai fito a bango shirme ne kawai.

Kashe wutar ɗaki, ka ja baya mita 2 daga farin bango, ka haska ta cikin tsagar. Kula da idonka, jikin reza yana maido da haske.

Yanzu matse tsagar a hankali. Da farko ɗigon zai ƙanƙance, sai can ya juya ya fara miƙewa dama da hagu, da ratsin duhu a gefunansa. Ɗauko rula. Haske yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, kuma tsawon zangon jan leza, wato tazarar da ke tsakanin tudun igiyar da na gaba, kusan nanomita 650 ne (nanomita miliyan ɗaya ke yin milimita ɗaya), saboda haka tsaga mai milimita 0.1 za ta ba ka hasken tsakiya mai faɗin milimita 26. Rage ta rabi, ya koma 52.

Me ya faru? Tsagar ce ta gaya maka ta inda ƙwayar haske, wato ɗan guntun haske mafi ƙanƙanta, ta bi. Iya matsewar da ka yi mata, iya rashin tabbacin ƙarfin tafiyar ƙwayar zuwa gefe. Ƙa'idar da masanin kimiyya Werner Heisenberg ya kawo ke nan a 1927: in ka ninka rashin tabbacin inda ƙwayar take da na ƙarfin tafiyarta, akwai iyakar da ba za su gaza ba, kuma wata 'yar ƙaramar lamba da ba ta canzawa, lambar Planck, ce ta tsayar da ita.

Sai dai kada ka yi saurin cika baki. Lissafin igiyar haske na masanin Faransa Fresnel ya bayyana ratsin nan tun 1818. Batun kwantum, wato ilimin halayen ƙananan ƙwayoyi irin waɗannan, yana shigowa ne idan ƙwayoyin suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. A 1909 G. I. Taylor ya raunana haske ƙwarai, ya ɗauki hoton inuwar allura na kusan wata uku, ratsin kuma ya fito ras. Wannan kam lezarka da idonka ba za su nuna maka ba, sai da na'urar ƙidaya ƙwayoyin haske.