Kurakuran da aka fi yi wajen auna rawar ma'aikatu a yaƙi da talauci

Duk ƙarshen shekara ma'aikatun gwamnati kan fitar da rahoto mai kauri, su ce ga gudummawarmu wajen rage talauci. Wanda aka ɗora wa tantance shi, ɗan majalisa ne ko jami'in tsare-tsare ko ɗan jarida, yakan yi tuntuɓe a wurare kusan iri ɗaya a kowace ƙasa.

Babban kuskure shi ne ɗaukar kashe kuɗi a matsayin nasara. Ma'aikata ta ce ta kashe kusan duka kasafinta, sai a yaba mata. Alhali fitar kuɗi daga baitulmali daban, isarsu ga wanda aka ware domin shi daban. A 1996 an bi sawun kuɗin da gwamnatin Yuganda ke tura wa makarantun firamare gwargwadon yawan ɗalibansu, sai aka gano cewa daga 1991 zuwa 1995 kimanin kashi 13 cikin ɗari ne kawai ya kai gare su. Sauran ya maƙale a ofisoshin gundumomi. A takarda kuwa komai lafiya lau, an saki kuɗi, an sa hannu, an buga hatimi. Gyaran da aka yi mai sauƙi ne: aka riƙa buga adadin da aka tura a jaridu, makarantu kuma suna manna shi a allon sanarwa inda iyaye za su gani. Zuwa 2001 abin da ke isa ya kai wajen kashi 80. Saboda haka kada mai tantancewa ya tsaya a kan baucar biya. Ya ɗebi wasu makarantu da asibitoci ba tare da ma'aikatar ta zaɓa masa ba, ya je ya buɗe littafin shigar kuɗinsu, ya gwada da abin da hedikwata ta ce ta aika.

Kusa da wannan akwai ƙirga gine-gine. An gina ɗakin shan magani, fenti sabo, allon suna a tsaye, amma kwaɗo ne a ƙofa tun ranar da aka buɗe shi, domin ba a turo ungozoma ba. A rahoto ya shiga lissafi, matan wurin kuwa har yanzu a gida suke haihuwa. Maganin wannan shi ne a tilasta wa kowace ma'aikata ta faɗi, tun kafin a ba ta kuɗi, abin da zai canja a gidan talaka idan aikin ya yi kyau, kuma a kan wannan za a tuhume ta.

Sai tambayar da ba a cika son yi ba: wa ya ci? Shiri yakan amfani jama'a da yawa ba tare da ya taɓa matalauta ba. Binciken Asusun Ba da Lamuni na Duniya a ƙasashe masu tasowa ya nuna cewa kashi 20 cikin ɗari mafi wadata na samun kusan ninki shida na abin da kashi 20 mafi talauci ke samu daga tallafin man fetur, don su ne masu motoci da janareto. A ɗauki binciken gidaje na hukumar ƙididdiga, a kasa jama'a rukuni biyar daga mafi talauci zuwa mafi wadata, a ga rabon kowane rukuni. Matsakaicin adadi na ƙasa baki ɗaya yakan ɓoye yankin da aka bari a baya.

Idan talauci ya ragu, kowace ma'aikata sai ta ce ita ce. Wataƙila kuwa damina ce ta yi albarka, ko farashin abin da ƙasar ke fitarwa ya tashi. Meziko ta kauce wa wannan ruɗani da ta fara shirin Progresa a 1997, wanda ya riƙa ba iyaye mata kuɗi bisa sharaɗin kai yara makaranta da asibiti. An sa ƙauyuka 506 a gwaji, aka yi ƙuri'a: 320 suka fara karɓa, 186 suka jira zuwa daga baya, bambancin da ya bayyana tsakaninsu shi ne aikin shirin. Ba kowane aiki ne za a yi wa ƙuri'a ba, babbar hanya dai ba ta rabuwa haka. Amma aƙalla a auna halin da mutane ke ciki kafin a fara.

Ma'auni ɗaya ga kowa ma zalunci ne. Layin talauci na Bankin Duniya, wato adadin kuɗin da ake ɗaukar mai rayuwa a ƙasa da shi a matsayin matalauci, wanda aka ɗaga daga dala 2.15 zuwa dala 3 a rana a 2025, ba zai nuna ƙoƙarin ma'aikatar ilimi a bana ba, sai yaron ya girma ya fara nema. Ma'aunin talauci mai fuskoki da yawa, da Jami'ar Oxford da Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka fito da shi a 2010, ya fi dacewa a nan. Alamominsa 10, irin su ruwan sha, wutar lantarki, abinci mai gina jiki da zuwan yara makaranta, kusan kowace tana da ma'aikatar da za a riƙe a kanta.

Ana kuma mantawa da ma'aikatun da ba a yi musu kallon na talakawa, kamar ta kuɗi, ta ciniki da ta filaye. Ƙarin haraji a kan kayan masarufi, ko tashin 'yan kasuwar bakin titi ba diyya, na iya kwashe abin da ma'aikatar jin ƙai ta raba a shekara. Dole ɓarna ta shiga lissafi kamar yadda alheri ke shiga.

Wanzami dai ba ya son jarfa, don haka ba a barin ma'aikata ta ba kanta maki. Alƙaluma su fito daga hukumar ƙididdiga da ofishin babban mai binciken kuɗi, a kuma bar masu nazari na waje su ga ɗanyen bayanan. Sakamakon ya iso gaban majalisa kafin muhawarar kasafi mai zuwa, domin a rage wa shirin da ya gaza a ƙara wa wanda ya yi aiki.