Darasi na Bakwai: Rage Hasken Ƙwan LED da Ƙara Shi

Da dare, idan yara sun kwanta, ba a son ɗaki ya yi duhu ƙirin, ba a kuma son haske mai kashe ido. Iyayenmu mata sun san maganin wannan tun da daɗewa: sai su murɗa lagwanin fitilar ƙwai ya yi ƙasa. Yau ma ana iya rage hasken ƙwan lantarki, ko da makunni a bango, ko da wayar hannu. Amma sai ƙwan da abin da ke juya shi sun dace da juna.

Tsohon ƙwai, wanda ke zafi har ba ya taɓuwa, siririyar waya ce a cikinsa take yin ja ta ba da haske. Da an rage masa wuta sai ya dusashe. Ƙwan LED ba haka yake ba. A gindinsa akwai ƙananan kayan lantarki masu tace wutar kafin ta isa wurin haske. Shi ya sa ƙwan LED mai wat 9 yake ba da hasken tsohon ƙwai mai wat 60, wato kimanin lumen 800. Lumen shi ne ma'aunin haske, wat kuwa ma'aunin cin wuta.

Yawancin irin waɗannan ƙwayaye, yadda suke rage haske abin mamaki ne. Kunnuwa suke yi suna mutuwa sau ɗaruruwa a cikin daƙiƙa ɗaya, da saurin da ido ba ya kamawa. Idan lokacin kunnuwar ya fi tsawo, sai mu ga haske da yawa. Idan lokacin mutuwar ya fi, sai mu ga ya ragu.

To, ba kowane ƙwai aka yi don wannan aiki ba. Kafin ku biya kuɗi, ku juya kwalin ku nemi kalmar Turanci da aka rubuta haka: dimmable. Ku kwafe ta a takarda ku tafi da ita kasuwa. In babu ita a jikin kwali, ku ajiye, komai daɗin bakin mai shago. Ƙwan da ba a yi don a rage shi ba zai riƙa ƙyaftawa, ya yi ƙugi kamar ƙudan zuma, kuma ba zai yi ƙarko ba.

Makunnin bango mai murɗawa shi ma sai an zaɓa. Tsofaffin an yi su ne don tsohon ƙwai, kuma da yawansu ba sa aiki daidai sai an ɗora musu nauyin wat 40 ko fiye. Ƙwan LED guda ɗaya bai kai haka ba. Ku sayi wanda aka rubuta LED a jikinsa, ku kira mai aikin wuta ya saka. Wasu makunnan da ake juyawa da wayar hannu suna buƙatar wayar nutural, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, a cikin akwatin bango, shi ne zai duba ya gaya muku ko akwai. Abu ɗaya nake roƙon ku: kada a haɗa ƙwai da makunnin rage gudun fanka. Kama kawai suka yi, aikinsu daban.

Hanya ta biyu ita ce ƙwai mai sarrafa kansa, wanda ake yi wa umarni ta manhajar waya. Kamfanin Philips ya fito da nasa mai suna Hue a shekarar 2012, yana magana ta hanyar da ake kira Zigbee da wani ɗan akwati da ake jonawa da na'urar intanet ta gida. Wasu kuma ta waifai suke haɗuwa kai tsaye, galibi a zangon waifai da ake kira 2.4 GHz. A shekarar 2022 aka fito da tsarin Matter domin kayan kamfanoni daban-daban su ji yaren juna.

A cikin manhajar za ku ga layin da ake ja da yatsa, daga kashi 1 zuwa 100. Kuna iya haɗa ƙwayayen falo su zama rukuni ɗaya, ku kuma tsara lokaci: bayan sallar isha'i hasken ɗakin yara ya sauka zuwa kashi 20, da asuba ya taso a hankali. Wasu har launi suna canzawa, daga 2700K (K ma'aunin launin haske ne) mai ɗan ja-ja, wanda ya fi daɗin hutawa, zuwa 6500K fari tas na karatu ko ɗinki.

Irin wannan ƙwai makunnin bango na yau da kullum yake so, kuma a bar shi a kunne, don in an kashe shi ƙwan ba zai ji umarnin waya ba. Kada kuma a sa shi a layin da ke da makunni mai murɗawa. Ƙwan yana ƙoƙarin rage kansa, makunnin yana datse masa wuta, sai rikici ya tashi.

Ga wani abu da ya shafe mu da ake yawan ɗauke mana wuta. Da yawa daga cikin waɗannan ƙwayaye, idan wuta ta dawo, kunnuwa suke yi da cikakken haskensu, ko da ƙarfe biyun dare ne. Ku shiga saitin ƙwan ku duba ko akwai zaɓin ya koma yadda aka bar shi. Idan kuma haske yana rawa a kan ƙaramin janareta ko inbata mai araha, amma yana tsayawa daram a kan wutar gari, to ba laifin ƙwan ba ne, wutar ce ba ta zuwa sumul.

Aikin gida: ku ɗauko kwalin ƙwai guda, ku rubuta wat nawa ne, lumen nawa, da ko akwai kalmar nan da muka koya. Mai ƙwan da ake ragewa ya rage shi sosai, ya nuna shi da kyamarar waya, ya zo ya faɗa wa aji ko ya ga layuka masu duhu suna gilmawa.