Banɗakin Gidan Haya a Ingila: Gyaran da Mai Yara Zai Fara Yi

Wanda ya taho Ingila da iyali, ko karatu ya kawo shi ko aiki, zai tarar banɗakin gidan haya babu rariya. A gida an saba a tsayar da yaro a kwarara masa ruwa da kofi, ruwan ya bi magudana ya yi gaba. Nan kuwa banɗaki galibi a sama yake, daɓen kuma katako ne aka shimfiɗa wa leda ko tayil. Ruwan da ya zuba ƙasa sai ya ɓullo ta silin ɗin falo, ko na maƙwabcin da ke ƙasa da ku. Saboda haka yaro da bokiti da kofi duk su shiga cikin baho, bakin labule ma a tura shi ciki.

Amma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ruwan zafi. Tsofaffin gidaje da yawa famfo biyu gare su, na zafi daban, na sanyi daban. A gidan da ke da tankin ruwan zafi, ana barin ruwan a digiri 60 ne don kashe ƙwayar cutar Legionella, kuma a irin wannan zafi fatar yaro tana saluɓewa kafin a farga. Tun 2010 dokar gine-gine ta Ingila ta ce a sabon gida ruwan baho kada ya wuce digiri 48, sai dai yawancin gidajen da baƙo zai samu sun girmi wannan doka nesa ba kusa ba. Idan kuɗi ɗaya za a kashe a banɗakin nan, ni dai a gurina a kashe shi nan: a roƙi mai gida ya sa mai gyaran famfo ya ɗaura bawul ɗin da ke sirka ruwa kafin ya fito. Kafin a yi hakan, a riƙa fara tara na sanyi sannan a ƙara na zafi, a gauraya, a gwada da gwiwar hannu. Digiri 37 zuwa 38 shi ne daidai ga ƙaramin yaro, kuma ma'aunin zafin ruwan wanka ba shi da tsada.

Akwai ɗabi'u biyu da sai an ajiye su. Ta farko tara ruwa a bokiti don kada a ɗauke. Nan da wuya famfo ya ƙafe, yaro kuma yana iya nitsewa a ruwan da bai wuce santimita 5 ba. An gama wanka, a zubar. Ta biyu cewa 'yar shekara takwas ta je ta yi wa ƙaninta wanka. Ko ƙofa ake bugawa, uwa ta naɗe yaron a tawul ta fita da shi.

Sauran gyaran duk na cirewa ne, domin gida ba naka ba, ba ka huda bango sai da izinin mai shi a rubuce. Kuɗin ajiyar da ka bayar na iya kai hayar mako biyar bisa dokar 2019, kuma daga ciki ake cire kuɗin ɓarna. Ɗauki hotunan banɗakin tun ranar da kuka tare. A shagunan IKEA ko Argos za ka samu shimfiɗar roba mai hana santsi, da 'yar kujerar da yaro zai taka ya kai famfo, da ƙaramin mazauni da ake ɗorawa a kan masai, da fo. Bilic da magunguna da reza a kai su inda hannu ba ya kaiwa. A duba sakatar ƙofa, ko ana iya buɗe ta daga waje.

Sai batun tsarki. Mutane kan sayi tiyon feshi su ɗaura da kansu, alhali dokar kayan ruwa ta 1999 tana da sharuɗɗa masu tsauri a kansa, don kada ruwan masai ya koma bututun ruwan sha. Buta ta raba gardama. Ana samunta a shagunan 'yan Pakistan da Somaliya. A nemi ƙarama wadda yaro zai iya ɗagawa, a koya masa tsarki a kan masai, ba a ƙasa ba.

Baƙin funfuna da ke fitowa a kusurwar bango kuma kada a raina shi. A Disamba 2020 wani yaro ɗan shekara biyu daga garin Rochdale a Ingila, Awaab Ishak, ya rasu, bincike kuma ya tabbatar funfunar gidansu ce sanadi. Bayan kowane wanka a kunna fankar da ke zuƙe tururi ko a ɗan buɗe taga, komai sanyi. Idan funfunar ta ci gaba da dawowa, a ɗauki hoto, a rubuta wa mai gida da kwanan wata. In ya yi biris, a kai ƙorafi sashen lafiyar muhalli na ƙaramar hukuma, suna da ikon zuwa su duba gidan.