Yadda za ka shirya tafiyarka ta farko a kan keke daga Katsina zuwa Daura

Mutumin da ya saba hawa keke daga gida zuwa kasuwa ko makaranta yakan ɗauka cewa tafiya mai nisa ba ta buƙatar komai sai ƙarfin ƙafa. A ganina ƙafa ba ita ce ke fara kasawa ba. Abin da ya fi mayar da sabon matafiyi gida a bayan mota shi ne ciwon mazaunai, da ƙishirwa, da zafin rana, da kuma gaggawar da ya yi a farkon hanya. Tsakanin Katsina da Daura akwai kimanin kilomita 80, kuma wanda ke tuƙi a natse, yana cin kilomita 15 a awa ɗaya, zai shafe fiye da awa 5 a kan sirdi, idan kuma aka haɗa da hutu da cin abinci tafiyar za ta kai awa 7. Saboda haka shirin da ake bukata shi ne na jimre wa awanni masu yawa, ba na gudu ba.

Ka ba kanka makonni 6 zuwa 8 kafin ranar tafiya. A kowane mako ka fita sau uku: biyu gajeru na kamar rabin awa ko awa ɗaya, sannan ɗaya mai tsawo a ranar da ba ka da aiki. Ka fara doguwar da kilomita 15 ko 20, kana ƙara kaɗan-kaɗan duk mako, har ka kai 55 ko 60 ba tare da ka kwana kana nishi ba. Wanda ya iya yin 60 cikin kwanciyar hankali zai iya 80 a ranar da ya huta sosai. Ya fi kyau a yi wannan atisaye a kan hanyar Daura ɗin kanta, a wuce filin jirgin sama a juyo, a mako na gaba a ƙara nisa, domin ta haka ne za ka san inda kwalta ta lalace, da inda ake samun ruwa da inuwa. A makon ƙarshe ka rage hawa, kwana biyu kafin tafiya kuma ka ajiye keken gaba ɗaya. Mai hawan jini, ko ciwon sukari, ko ciwon zuciya, ya ga likita tun kafin ya fara wannan atisaye.

Maganar sirdi ita ce na fi so mai karatu ya tsaya a kanta, domin yawancin masu keke a garuruwanmu suna hawa ne da sirdi ƙasa-ƙasa, don ƙafa ta riƙa taɓa ƙasa idan an tsaya. A cikin gari wannan ba ya damun kowa, amma bayan awa uku gwiwa za ta fara zogi. Ga yadda ake aunawa: ka hau keken kana jingine da bango, ka ɗora diddigenka a kan feda, ka sauke ta har ƙasa. Idan ƙafarka ta miƙe sosai ba tare da ƙugunka ya karkata ba, to tsayin ya yi daidai, kuma da zarar ka mayar da gaban tafin ƙafa kan fedar za ka ga gwiwa ta ɗan lanƙwasa kaɗan. Sirdin ya kwanta daidai, kada bakinsa ya ɗaga sama ko ya sunkuya. Kada kuma ka sayi sabon sirdi ana gobe tafiya; wanda jikinka ya saba da shi a makonnin atisaye shi za ka tafi da shi. Wando mai ɗinki mai kauri a tsakiya yana goge fata har ya yi rauni, don haka a zaɓi mai laushi, a kuma shafa ɗan man kaɗanya ko basilin a wuraren da ke gogayya. Babbar riga da wando mai faɗin ƙafa ba na wannan tafiya ba ne, saboda kaca na iya kama su.

Ba dole ba ne sai keke mai tsada. Tsohon Raleigh ko Phoenix marar giya zai iya kai mutum Daura, tunda hanyar ba ta da manyan hawa, sai dai mai giya ya fi sauƙi idan iska ta taso. Mako guda kafin tafiya ka kai shi wurin mai gyara, ka tsaya a kansa ya duba birki gaba da baya, ya ɗaure wayoyin ƙafa da suka saki, ya wanke kaca ya sa mata mai, ya kuma duba boris. Tayar da ta cinye ko ta tsattsage a gefe a canza ta. Mafi muhimmanci, ka roƙe shi ya koya maka yin faci da hannunka: yadda ake cire taya, a gano hudar, a kankare wurin, a shafa sholisho, a jira ya bushe kafin a manna faci. Mutane da yawa suna mantawa su shafa cikin tayar da yatsa don ciro ƙayar da ta yi hudar, sai su sake facewa kafin su yi nisa. A bakin hanyoyinmu tsidau ba ya yankewa, shi ya sa ba a son sauka daga kwalta ba tare da dalili ba. Famfo, da kayan faci, da sabuwar robar ciki guda ɗaya, da sifana su kasance a ɗaure a kariya, ba a goye a baya ba.

Zaɓen lokaci rabin shiri ne. Daga Maris zuwa Mayu zafi a Katsina kan kai maki 40 ko ya wuce, kuma ba zan ba sabon matafiyi shawarar gwada kansa a bazara ba. Watannin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sun fi dacewa, amma akwai abin lura: iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, Daura kuwa tana gabas da Katsina ne, wato mai tafiya can zai riƙa cin karo da ita. Da sassafe iskar ba ta cika ƙarfi ba, saboda haka ka tashi da zarar an idar da sallar Asuba gari ya fara wayewa. Idan hazo ya yi kauri har ba a hangen nesa, ka ɗaga tafiyar, domin direba ba zai gan ka da wuri ba. Kada kuma a yi ta da azumi a baki.

Ka karya da abin da cikinka ya saba da shi, kamar koko da ƙosai ko shayi da burodi. A hanya kada ka jira sai ƙishirwa ta kama ka. Ka riƙa kurɓa duk bayan minti 15 ko 20, yadda za ka sha kamar rabin lita zuwa lita ɗaya a awa, gwargwadon zafi da gumi. Gora ɗaya ta zama ta ruwan gishiri da sukari: ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a cikin lita ɗaya. Dabino, ayaba da gyaɗa sun isa abin taɓawa duk awa. Idan ka ji jiri, ko ciwon kai, ko tashin zuciya, ko ka ga fitsarinka ya yi duhu, ka nemi inuwa ka tsaya, idan kuma bai lafa ba ka nemi mota.

A awa ta farko jiki yana da daɗi, sanyin safiya kuma yana ruɗar mutum ya yi ta zuba gudu. Ka tuƙa a matakin da za ka iya yin hira ba tare da haki ba. Ka raba hanyar a ranka zango-zango: Mashi ta zama wurin babban hutu da cika gora, sai Shargalle, sai Daura. Ka riƙe gefen dama, ka sa riga mai haske da hular kwano, idan ka ji babbar mota a bayanka a wuri mai ƙunci ka ba ta hanya. Tafiya da aboki ta fi tafiya kai kaɗai, kuma ana gobe ka tambayi direbobin tasha halin da hanyar ke ciki ta fuskar tsaro. Mutanen gida su san lokacin tashinka da lokacin da ake sa ran isarka, wayarka kuma ta kasance cike da caji. Duk yadda aka yi, kada Magariba ta same ka a kan titi.

Batun komowa a yanke shi tun kafin a tashi, domin kilomita 160 a yini ɗaya ya fi ƙarfin sabon shiga. Ko dai ka shirya masauki a Daura, ka samu damar ziyartar rijiyar Kusugu da ganin fadar Sarki, washegari ka komo iskar tana tura ka daga baya, ko kuwa ka tanadi kuɗin motarka da na ɗaukar keken, ka daidaita da direba a tasha kafin a ɗora shi.