Idan kamfanin waje ya cutar da al'ummarku, ga hanyoyin neman haƙƙi

Abin da nake fara gaya wa masu ƙorafi a kan kamfanin mai ko na haƙar ma'adinai shi ne, babu kotun duniya da ake gurfanar da kamfani kai tsaye. Kotun hukunta manyan laifuka da ke birnin Hague mutane kawai take yi wa shari'a. Yarjejeniyoyin kare haƙƙin ɗan Adam kuma gwamnatoci suka ɗaure, domin su suka sa hannu. Tun 2014 ake tattaunawa a Geneva kan yarjejeniyar da za ta ɗaure kamfanoni, kuma ba a kammala ba. Wannan jinkiri yana ci mini tuwo a ƙwarya, amma akwai hanyoyin da suke aiki tun yanzu.

Ku fara da tattara shaida tun ranar da abin ya faru: hotuna masu kwanan wata, takardun asibiti, sakamakon gwajin ruwa ko ƙasa, sunayen waɗanda suka yi asara, da kwafin duk wasiƙar da kuka aika wa kamfanin. Kada kowa ya sa hannu a takardar karɓar diyya kafin lauya ya karanta ta, domin sau da yawa akwai sharaɗin yafe ƙara a cikinta.

Daga nan ku binciko uwar kamfanin da ƙasar da take zaune. A nan nake so ku fi mai da hankali. Reshen da ke kusa da ku na iya cewa ba shi da kuɗi, ko shari'a ta yi ta jan ƙafa a gida, shi ya sa ake neman yin ƙarar uwar a ƙasar da take zaune. A 2019 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yarda manoman Zambiya su yi ƙarar Vedanta, uwar kamfanin haƙar ma'adinai, a Ingila kan gurɓata ruwa da reshenta, Konkola Copper Mines, ya yi. A 2021 ta ba al'ummomin Ogale da Bille na Neja Delta irin wannan dama a kan Shell. A Kanada ma, a 2020, Kotun Ƙoli ta bar ma'aikatan Eritiriya su ci gaba da ƙarar kamfanin Kanada mai suna Nevsun kan aikin tilas a mahaƙar Bisha da ke Eritiriya. Amurka kuwa ta ƙuntata wannan hanya tun hukuncin da Kotun Ƙolinta ta yanke a 2013 a shari'ar Kiobel, wadda 'yan Najeriya suka shigar a kan Shell.

Ku karanta abin da uwar kamfanin ta wallafa da kanta. Ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2011, waɗanda Farfesa John Ruggie ya tsara, sun ɗora wa kamfani alhakin binciken illar ayyukansa da gyara ɓarnar da ya yi. Ba doka ba ce mai tilastawa, amma kamfanoni da yawa sun rubuta a rahotanninsu cewa suna sa ido a kan rassansu. A shari'ar Vedanta, alƙalai sun dubi irin waɗannan kalamai a matsayin alamar cewa uwar ta ɗauki nauyi.

Idan uwar kamfanin babba ce a Faransa, dokar 2017 ta wajabta mata tsarin kariya da ya haɗa da rassanta, kuma ana iya ƙararta idan ta gaza. In ƙasar uwar kamfanin na bin ƙa'idojin OECD, wato ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kan tattalin arziki da ci gaba, akwai ofishin karɓar ƙorafi da ake shigar da kuka kyauta, sai dai sulhu yake shiryawa, ba ya tilasta biyan diyya. In kuma IFC, hukumar Bankin Duniya mai ba kamfanoni rance, ce ta ba da rancen aikin, ku rubuta wa ofishinta na sauraron ƙorafi, wato CAO.

Ku shirya wa doguwar tafiya. Manoman Najeriya da suka shigar da ƙarar Shell a Holand a 2008, sai a Janairun 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta ba su gaskiya, wasunsu ma sun rasu kafin nan. Don haka tun farko ku naɗa wakilai fiye da ɗaya, ku rubuta yadda za a raba diyya in ta zo, ku kuma ajiye kwafin shaidu a wurare daban-daban.